Bashin Karatu da Kujerar Asibiti: A Auna Kafin a Ɗauka

Ya ku malamai da attajirai na ƙasar Bodinga da Shagari, da sauran masu karanta wannan shafi, yau zancenmu a kan bashi ne. Bashin kuwa ba irin wanda aka saba ba ne, na hatsi da damina a biya da kaka, ko na haja da falke ke ɗauka ya biya in ya komo. Wannan yaro ne ke cinsa don ya yi karatu, ya biya bayan ya kama aiki. Tun ran 24 ga watan Mayu 2024, da Gwamnatin Tarayya ta buɗe ƙofar neman rance daga asusun da ake kira NELFUND, maganarsa ta shiga zaure, ta shiga rumfar kasuwa. A cikin fannonin da samari ke ambata akwai wani mai daɗin suna, watau ilmin tafiyar da asibiti. Mai wannan ilmi ba ya yin allura, ba ya duba majinyaci. Aikinsa riƙon ofis ne: lissafin kuɗi, da sha'anin ma'aikata, da sayen kaya, da tsaron takardu. Uba ya ji an ce asibiti, an kuma ce shugabanci, sai ransa ya yi fari. To, kafin a cika takarda, ya kamata a ɗora abin a kan sikeli.

Bari mu fara da sharuɗɗan rancen, gama ba a yanke wa ciniki hukunci sai an ji yadda aka ƙulla shi. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko cikin watan Yuni 2023, amma ta zo da tsanani: sai wanda abin da gidansu ke samu bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ya kawo mutum biyu masu tsaya masa. Da aka ga ba ta ɗaukuwa sai aka soke ta, aka kafa wata ran 3 ga watan Afrilu 2024, wadda ta zubar da waɗannan sharuɗɗa. Yanzu ɗalibin makarantar gwamnati, ta Tarayya ko ta Jiha, yana iya nema da kansa. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannunsa, makarantar ake biya kai tsaye. Abin da ke shiga hannunsa shi ne na guzuri, Naira 20,000 a wata, in ya nema. Babu ruwa a kai ko na kwabo. Ba a fara binsa sai shekara biyu bayan ya gama yi wa ƙasa hidima, sa'an nan a riƙa cire ushirin albashinsa, watau kashi goma cikin ɗari, tun daga wurin mai biyansa. In sana'ar kansa yake yi, ushirin ribarsa ta wata zai kai. Wanda bai sami aiki ba yana iya rantsuwa a jinkirta masa, wanda ya yi ƙarya kuwa ɗauri ne hukuncinsa. In mutuwa ta riga biya, dokar ta bar ƙofar yafewa.

Malamai sun fi mu sanin hukunci, ba za mu yi musu shisshigi ba. Abin da ke a fili shi ne, rancen da ba ya jawo wa mai bayarwa ƙari ya kuɓuta daga babban abin da ake tsoro. Har ma akwai wani sauƙi a ciki wanda ɗan kasuwa zai riga kowa ganewa. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne, wanda ya ranci kuɗi adadinsu zai mayar, ko darajarsu ta hau ko ta sauka, muddin ana ciniki da su. Dokar nan ma haka take. A watan Mayu 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 take a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, tsadar kaya kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar, kafin daga baya ta lafa. Ashe wanda ya ranci kuɗin buhu goma yau, ya biya adadin nan bayan shekara bakwai ko goma, watakila abin da ya mayar bai sayi buhu biyar ba. Ba mu san wani attajiri a Kasuwar Sakkwato da zai ba da bashi a kan haka ba.

Amma fa sauƙin bashi bai mai da shi kyauta ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kowane almajiri da ya kai ƙarshen Baƙara ya wanke ta a allo. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya dakata ga sallar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biya a kansa. Muna faɗin wannan ne don wata magana da ake yi, wai kuɗin gwamnati ne, wa zai bi ka? Wannan magana ta taɓa kashe irin wannan asusu. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa Hukumar Ba Ɗalibai Rance, a lokacin kuwa ɗan wannan ƙasa tamu, Alhaji Shehu Shagari, shi ke riƙe da ma'aikatar kuɗi ta Tarayya. Ɗalibai suka karɓa, ƙalilan suka biya, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka kafa Bankin Ilmi a madadinta, shi ma bai yi ƙarko ba. Aka shekara talatin ɗan talaka ba shi da inda zai ranta. Wanda ya ci da niyyar ƙin biya, rabon ƙaninsa ya cinye.

Saboda haka a ƙaddara za a biya, a zo ga lissafi. A ce kuɗin makaranta Naira 100,000 ne a shekara. Misali ne kawai, kowa ya sa na makarantar ɗansa a gurbin. A ce kuma yaro ya karɓi guzuri wata goma a shekara, Naira 200,000 ke nan. Jimla 300,000 a shekara, shekara huɗu 1,200,000. In Allah Ya ba shi aikin da ake biya Naira 120,000 a wata, ushirinsa 12,000 ne, sai ya yi wata ɗari yana biya, watau shekara takwas da wata huɗu. In kuwa bai sami abin da ya wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda doka ta sa Naira 70,000 a watan Yuli 2024, ushirinsa 7,000 ne, sai ya haura shekara goma sha huɗu. Ana ƙarin girma, albashi na hawa, wa'adin na iya gajarta. Duk da haka a lura, waɗannan su ne shekarun da zai yi aure, ya kama haya, ya yi suna, iyaye kuma su fara duban hannunsa.

Wannan shi ne bashin da aka rubuta. Akwai wanda ba a rubuta ba, ya kuwa fi nauyi. Naira 20,000 ba ta ciyar da saurayi wata guda a birnin Sakkwato, balle ɗaki da mota da littattafai da kwamfuta. Cikon daga rumbun uba yake fitowa, ko daga akuyar uwa. Ga kuma shekaru: huɗu na karatu in ba a yi yajin aiki ba, a 2022 kuwa malaman jami'a sun yi wata takwas cur ba su shiga aji ba; ɗaya ta hidimar ƙasa; sa'an nan zaman jiran aiki, wanda ba shi da wa'adi. A cikin wannan tsawon lokaci sa'ansa da aka kai rumfa ya koyi ciniki, ubangidansa ya sallame shi da jari. Ba muna cewa rumfa ta fi makaranta ba ne. Muna cewa duk mai lissafin gaskiya sai ya sa wannan a shafin fita.

To, sai babbar tambaya, wadda dominta muka ɗauki alƙalami. Mai sayen albasa ya zuba a rudu ba ya tambayar arhar kuɗin da ya ranta kaɗai, yana tambayar wa zai saya, a wace kasuwa, da nawa. Wa zai sayi wannan takardar shaida?

A ƙirga da yatsu. Manyan asibitocin Jihar Sakkwato sanannu ne: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da na mata da yara na Maryam Abacha, da na ciwon noma, da na masu taɓin hankali a Kware, sai manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ƙananan hukumomin kuwa 23 ne. Asibiti irin na ƙaramar hukuma sakatare ɗaya yake bukata, da akawu ƴan kaɗan. Amma nas da ungozoma safe da yamma da dare ake bukatarsu, kowane ɗakin kwanciya da nasa. Sakataren nan kuma in ya zauna ba ya tashi sai ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Ranar da kujerar ta zama wofi ba mai wannan digiri kaɗai ke nemanta ba, wanda ya karanta mulkin jama'a da wanda ya karanta sha'anin kasuwanci duk suna layi, da yawansu kuma sun riga sun daɗe a ofis. A aikin ofis na gwamnati mai digirin farko a mataki na takwas yake farawa, da wanda ya karanta tafiyar da asibiti da wanda ya karanta tarihi tsani ɗaya suke takawa. Kuɗin kwanan asibiti da na kiran dare kuwa na masu taɓa majinyaci ne.

Shugabancin da uba ke hange ma akwai magana. A asibitin koyarwa doka ta ce babban darakta likita ne, ƙololuwar mai ilmin ofis ita ce daraktan mulki, kujera ɗaya tak. Sauran ma'aikatan lafiya sun daɗe suna jayayya da likitoci a kan wannan, har yau dai likita ne a sama. A babban asibitin ƙaramar hukuma ma likita ne shugaba. In aka gangaro ƙananan asibitocin mazaɓu, Jihar nan kuwa tana da mazaɓa 244, wanda ke riƙe da makulli a Sifawa ko Danchadi ko Kajiji malamin asibiti ne da ya karanta lafiyar al'umma, shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai rubuta rahoto.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa iyaye ba: ko da yake akwai makarantun da ke ba da wannan fanni tun a digirin farko, galibi a jami'o'inmu ƙari ne da ake yi bayan an gama na farko. Asusun gwamnati kuwa da masu digirin farko da difloma ya buɗe, ban da makarantun kuɗi. Wanda ya nufi digiri na biyu, ko jami'ar kuɗi, ko ƙetare, wani wuri zai ranto. In banki ne, ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa kuma a kansa suke ɗorawa. Nan hukunci ya sāke, lissafi ma ya sāke. In gona ce za a jinginar, mu dai a ganinmu da muguwar rawa gara ƙin tashi. A tuna da waɗanda suka kwashi kuɗi suka kai wasu makarantun Kwatano da Lome: a watan Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri cikin makonni kaɗan ya tona asiri. Masu gaskiya a cikinsu ma sai da ƙurar ta buɗe su.

Daga ina sunan wannan fanni ya sami ƙamshi? Daga Amurka. Can asibiti kamfani ne, kusan kowane majinyaci da kamfanin inshora a bayansa, kowace allura sai an rubuta an kai an karɓo kuɗi. Abin da suke kashewa a kan lafiya ya kusa kai ɗaya cikin biyar na dukan arzikin ƙasar, don haka suke bukatar rundunar masu ofis. Tun 1934 Jami'ar Chicago ta buɗe wannan karatu, matsakaicin albashin mai riƙon asibiti kuwa ya haura dala dubu ɗari a shekara. Irin waɗannan alƙaluma ne yaranmu ke gani a waya. Abin da ba su cika dubawa ba shi ne, bashin karatu da ke kan mutanen ƙasar ya wuce dala tiriliyan ɗaya da rabi, a wuyan mutum fiye da miliyan 40, da ruwa a kai, har akwai masu furfura da ba su gama biya ba. Mu a nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, hannu da hannu. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kasafin Tarayya bai taɓa kaiwa ba. Ɗaukar albashin Amurka a auna bashin Bodinga da shi cinikin kifi a ruwa ne.

Kada a fahimce mu a karkace. Riƙon asibiti aiki ne mai girma, kowa ya taɓa kai marar lafiya ya sani. Inda kati ya ɓace, magani ya ƙare a sito ba wanda ya lura, firijin rigakafi ya mutu ba a gyara ba, ai ba ilmin likita aka rasa ba, mai tsari aka rasa. Asusun magani mai juyawa, wanda aka ɗauko tun taron Bamako na 1987, ciniki ne tsantsa: a sayo, a sayar, a tsare uwar kuɗi, a sake sayowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci, wani kaso yana faɗawa asusun asibitin kai tsaye, sai an kawo lissafi kafin a ƙara. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Jiha kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Duk waɗannan suna neman mai iya alƙalami, bukatar kuma tana ƙaruwa. Sai dai a hankali take ƙaruwa, ba da saurin da makarantu ke yaye ɗalibai ba. Ƙungiyoyin agaji na waje sun fi kowa biya, gaskiya ne, amma aikinsu na wa'adi ne. Da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025, ma'aikata da yawa a ƙasar nan sun wayi gari ba ofis.

Dattawan da suka ga zamanin En'e za su tuna yadda ake yi. Sai an san akwai dispensa da ke jiran malami kafin a tura yaro makarantar haɗa magunguna a Zariya ko Makarantar Tsabta a Kano. Kujera na nan, sa'an nan a nemi mai zama. Yanzu abin ya juya, yaro ke ɗaukar kasada, shi ke ɗaukar bashi. Shi kansa Alhaji Shehu Shagari da alli ya fara, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe makaranta a Argungu, sai a 1954 ya shiga Majalisar Wakilai. Sana'ar hannu ta riga mulki.

Shawararmu ke nan ga mai ɗa ko ɗiya da ke son aikin asibiti. A fara da abin da ake nema a kowace mazaɓa: aikin nas, ko ungozoma, ko lafiyar al'umma, ko haɗa magani, ko awon jini. Kwalejin Nas ta Sakkwato na nan, Kwalejin Kiwon Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman a Gwadabawa na nan, karatun lafiyar al'umma shekara uku ne. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar jini, ya dubi ilmin adana bayanan majinyata, watau aikin ɗakin kati, wanda yanzu ya koma kwamfuta, yana da hukumar rajista tasa, ba kowa ke faɗa masa ba. A tambaya tukuna ko makarantar tana cikin waɗanda asusun ke biya wa. In ya kama aiki ya ga cikin asibiti da idonsa, sai ya ƙaro ilmin tafiyarwa da albashinsa, a lokacin takardar za ta zama tsani, gama yana da bangon da zai jingina ta. Ga ɗiya mace maganar ta fi ƙarfi. Matan karkara sun fi sakin jiki da mace ƴar'uwarsu, mazajensu ma haka, mutuwar mata wurin haihuwa kuwa ta yi mana yawa a wannan yanki. Ungozoma ƴar gari ba ta rasa inda ake bukatarta, kusa da ɗakin mijinta ma.

Akwai abin da ya rataya a kan hukuma. Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha sun san yawan gurabun da ke gare su a kowane fanni, da yawan masu barin aiki a shekara. A buga wannan a fili kowace shekara, a karanta a rediyo, don uba a Dingyaɗi ya san abin da ake nema kafin ya sayar da sa. Makarantun da ke tallar fanni su ma su faɗi, cikin waɗanda suka yaye shekara uku da suka wuce, nawa ne ke cin abinci da shi. Mai haja mai kyau ba ya ƙin a buɗe buhu.

Attajirai kuma ga wurin saka dukiya. Masu bashi suna cikin kashi takwas da aka ambata a rabon zakka, Jiha kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Shago ɗaya da aka yi waƙafinsa a Bodinga ko Shagari, hayarsa na iya ɗaukar ɗaki da abincin ɗaliba ɗaya ko biyu a makarantar ungozoma kowace shekara, bisa sharaɗin su komo su yi wa garin aiki na ƴan shekaru. Wannan shi ke toshe bashin nan da ba a rubuta ba.

Wanda ɗansa ya riga ya yi nisa a wannan karatu, kada ya janye shi. Ya karɓi rancen kuɗin makaranta, ya taƙaita na guzuri in gida na iya ɗauka, ya riƙe takardar kowane kwabo da aka biya da sunansa. Lokacin hutu ya nemi asibiti ya yi aikin sa kai a sito ko ɗakin kati, ya ƙware a kwamfuta da lissafin inshora, in hidimar ƙasa ta zo ya roƙa a tura shi asibiti maimakon aji. Masu ɗaukar aiki a asibitocin kuɗi abin da suka fi tambaya shi ne ko mutum ya taɓa riƙe sito ya ba da lissafi daidai.